Kuskuren da Dorathy ta mayar

'Yata Dorathy, wadda ta rasu bara, a shekarun baya ta dawo garinmu Zakirai daga jami'a da tsohuwar kwamfuta. Da safe takan taya mu noma, da rana ta zauna a inuwar rumbu tana rubuta manhajar da ke tantance cinikin kuɗin intanet na kirifto. Akwai ta asali wadda kusan kowa ke amfani da ita, amma ta ce sai ta gina tata daga tushe.

Na tambaye ta dalili.

"Baba, in duk gari iri ɗaya aka shuka, cuta ɗaya ta ishe mu."

Tana cikin aikin ta gano kuskure a ta asalin, ta gyara a tata. Nan da nan lissafinta ya saɓa da na sauran kwamfutocin duniya, da yake dole lissafin kowa ya zo ɗaya, suka ware ta. Wahalar shekara guda na neman tashi a banza.

Ta daɗe tana juya maganar, sannan ta mayar da kuskuren cikin manhajarta da hannunta, kwamfutocin suka karɓe ta.

"Ashe daidai ne?" na ce.

"A'a, Baba, amma a kansa kowa ya yi gini."

Ta rubuta a gefensa cikin manhajar cewa kuskure ne, amma kada wani ya gyara.