Jirgin da Ya Ratsa Zauren Baffa

Akwai wata ranar Asabar a Gumel da ba na jin zan manta da ita har ƙasa ta rufe idona. Na ga abubuwa da yawa bayanta, amma babu ranar da na taɓa jin kaina ya yi girma irin wannan, kuma ba don wani abin da ni na yi ba.

Wajen tsakiyar shekarun 1970 ne, ina koyarwa a firamare a Ɗanzomo. Duk ƙarshen mako sai in hau kekena in taho gida, kuma ba na zama ko'ina sai shagon Baffa, ƙanen mahaifina, mai gyaran rediyo. Baffa bai yi boko ba, allo kaɗai ya yi. Gyaran ma da kansa ya koya, ta hanyar kwance matattun rediyo yana duba cikinsu. A ƙofar shagon nan muke da majalisa, mu masu haukan sauti. Sai mu wuni muna gardama a kan allurar garmaho, ko wane faifai ne gangarsa ta fi fita. Mutanen gari suna mana kallon marasa aikin yi.

A cikinmu akwai wani direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga Maigatari zuwa Damagaram, shi ne mai kawo mana labarin duniya. Wata rana ya dawo ya ce ya ji abin mamaki a gidan wani Bafaranshe mai aikin haƙa rijiyoyi. Garmaho ne mai akwatin lasifika biyu, ana ce masa sitiriyo. Ganga tana fita ta hagu, jita ta dama, mawaƙin kuwa a tsakiya kake jin sa, inda babu akwati ko ɗaya. Ya ce an faɗa masa nan da shekara guda zai cika kantunan Kano.

Mun fi wata biyu ba mu da wata hira sai wannan. Kowa da hasashensa. Direba ya ce lallai allura biyu ce. Wani ya ce faifai biyu ake ɗorawa lokaci guda. Ni kuma na taɓa gani a wata mujallar Turanci cewa allura ɗaya ce, amma layin faifan bango biyu gare shi, kowane da sautinsa, sai na riƙa maimaita wannan ina hura hanci. Akwai kuma wani akawu mai aiki a ofishin hukuma, mutum mai son a san ya waye. Shi ne wata rana ya dubi Baffa, a gaban jama'a, ya ce:

"Baba, ka fara neman wata sana'a. Kayan da ke tafe ba irin naka ba ne, sai wanda ya yi karatu a Turai."

Wasu suka yi dariya. Maganar ba ta tsaya a shago ba, ta shiga gari. Na ji da kunnena wani yana cewa zai ajiye rediyonsa har ya je Kano, tunda zamani ya wuce tsohon. Baffa yana da iyali goma sha, kuma teburin gyaran nan shi ne gonarsa.

 Da aka watse sai Baffa ya miƙo mini fensir da bayan kwalin batir, ya ce in zana masa bangon nan biyu da nake ta faɗa. Na zana, ya yi ta tambaya. Wayoyi nawa ke fita daga kan allurar? Ina kowace take zuwa? A tambaya ta uku ilimina ya ƙare. Na ji kunya, amma shi bai nuna ya lura ba. Ya naɗe kwalin ya sa a aljihu, ya ce in dai haka ne, ai rediyo biyu ne aka haɗa su da allura ɗaya.

Ya roƙi direba ya nemo masa kan allurar irin wannan garmaho, ko da lalatacce ne. Bayan makonni direba ya samo a wajen wani mai gyara a Damagaram, Bafaranshen kuma ya ba shi faifai ɗaya kyauta, wanda ake gwada na'urar da shi. Baffa ya zaƙulo tsofaffin rediyo biyu iri ɗaya, ya tashe su, ya jona musu batirin mota.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Gwajin farko ya ƙona ɗayan rediyon, sai da ya yi mako biyu yana farfaɗo da shi. Da sauti ya fito kuma, siriri ne kamar kukan sauro. Kafinta ya yi masa akwatunan lasifika, suka riƙa ɓari suna ƙara. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce ta gaji da ganin ya bar tuwo yana hucewa, ta ce masa ita dai ta san in ta leƙa cikin randa ta yi magana, muryarta kauri take yi. Washegari ya sayo randuna biyu, ya yi musu murfin katako, ya ɗaura lasifika a kai, ya cusa auduga a ciki. Ganga ta fito da nauyinta. Saura abu ɗaya, muryar mai magana ta ƙi tsayawa a tsakiya, sai ta watse kamar hayaƙi. Wannan ba ya cikin mujallata. Da kunnensa ya gano, ya juya wayoyin lasifika ɗaya, murya ta zo ta zauna daram.

Ranar Asabar bayan la'asar ya kira mu zaurensa. Mun kai mutum ashirin, har da wani dattijo abokinsa da ya zo daga Gagarawa kawo rediyo gyara. Randa ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, a kwance kan gammo. Akawu ya shigo ya gan su ya yi murmushi, ya tambaya ko ruwa za a raba mana. Baffa ya ce masa ya zauna a tsakiyar tabarma, ya yi bismilla ya sauke allura.

Da farko wani Bature ne ya yi magana, a gabanmu sosai, daga bangon da babu komai. Sai kiɗa. Sannan aka yi shiru, can daga randar hagu muka ji jirgin ƙasa yana tahowa daga nesa. Ya matso, ya matso, ƙarar ta cika zaure, ta bi ta gabanmu tarago bayan tarago, ta fita ta randar dama ta ɓace. Dattijon Gagarawa, wanda ya tashi a bakin layin dogo, sai gani muka yi ya janye ƙafafunsa da sauri ya tattare rigarsa. Da ya gane abin da ya yi, shi ya fara dariya, har da hawaye.

Akawu bai yi dariya ba. Ya tashi ya je ya shafa bangon tsakiya, ya ɗaga labule ya leƙa, yana neman lasifika ta uku. Ya dawo ya durƙusa a gaban Baffa, ya ce:

"Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane. A gabansu nake neman gafara."

"Tashi, ɗana," in ji Baffa. "Ai ba don maganarka ba da ban yi ba. Zauna a saka maka kuma."

Sau bakwai jirgin nan ya wuce kafin magariba. Inna da matan gida suka ce su ma sai sun ji, aka fita aka ba su zauren. Ni ina tsaye a waje, duk wanda ya zo wucewa ya tambayi abin da ake yi, sai in ce baffana ne ya haɗa, ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban san sau nawa na faɗa ba.

Sitiriyon kanti ya iso Gumel bayan kusan shekara, wani ɗan kasuwa ya sayo. Mun je mun saurara, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya fi namu tsabtar sauti. Amma babu wanda ya buɗe baki don mamaki, domin mun riga mun ji a gida. Baffa kuwa aiki har daga Maigatari da Sule Tankarkar aka riƙa kawo masa, bai bar teburin ba sai da idonsa ya raunana.

Abin da na koya shi ne, ni na karanta abin amma gardama kawai na yi da shi, shi kuwa bai ji nauyin tambayar ɗan wansa ba, ya ɗauki ɗan abin da na sani ya yi aiki da shi. Na shekara talatin ina koyarwa bayan haka, kuma ban ƙara auna ilimin mutum da takardarsa ba. Allah Ya jiƙan Baffa.