Mun Gaisa, Yanzu Faɗa Min

Ina shayar da shanu a rafin bayan Ɗansoshiya sai ga Tanimu ɗan acaɓa, ya tsaya ko babur bai kashe ba. Ya ce, "Buba, ka ji Malam Modu na asibiti ya rasu? Da hantsi aka kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya wuce. Ni kuwa sai na ga ina ta kallon ƙafafuna a cikin ruwa, ina jin sanyin ruwan har tsakanin yatsu. Wanda bai san labarina ba ba zai gane abin da ya sa wannan ya sa ni kuka ba.

Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutun. Amma abin da na sani game da mutumin nan bai kamata ya tsaya a cikina ni kaɗai ba.

Mu baƙi ne a ƙasar Kiru. Daga wajen Doguwa muka taso da Baffana, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni, muka kafa ruga. Ba mu yi damina guda ba ciwon ya same ni. Da fari zazzaɓi ne da gudawa, ya wuce. Sai na fara jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata. Abin ya hau gwiwa, ya hau cinya, ya kama hannu, har sanda ta gagare ni riƙewa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Aka ɗauke ni a bayan akori-kura zuwa babban asibiti a Kano. Ban taɓa shiga birni ba, ban san abin da ake yi da ni ba, sai dai a juya ni a tsikare ni. Likita ya ce ciwon jijiyoyi ne, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yadda ya hau haka yake sauka, a hankali. Da na fara takawa aka sallame mu, aka ce wani ma'aikacin asibitin yankinmu zai riƙa zuwa yana duba ni.

Shi ne Malam Modu. Dogo, baƙi, da zane a fuska, a kan wani tsohon babur mai tari. Likitan Kano ne ya ɗora masa aikin bin irinmu, mu 'yan kaɗan da ke warwatse daga Bebeji har Tudun Wada, ya ji daga bakinmu yadda warkewar take tafiya, ya kai masa labari. Ranar farko ya ce, "Yaya jiki?" Na ce, "Da sauƙi." Ya gyara zama a kan tabarma, ya ce, "To, mun gaisa. Yanzu faɗa min."

Na ce a raina, me kuma zan faɗa? Ai na faɗa. A gidanmu ko ciwo zai kashe ka ba ka buɗe baki gaban manya ka ce wayyo. Ya yi dariya ya ce shi da likita sun sha fama da wannan: duk wanda aka tambaya, da mai gudu da wanda ko ƙuda ba ya iya korewa, amsarsu ɗaya. Yakan ce, "Da sauƙi gaisuwa ce, ba amsa ba ce." Don haka ya sake dabara. Kowa sai ya tambaye shi, "Ranar da ka yi me za ka ce ka warke?" Wata mata a Yako ta ce ranar da ta tuƙa tuwon gidanta da hannunta. Wani masunci a Bagauda ya ce ranar da ya ji motsin kifi a igiyar fatsa. Da wannan yake auna kowa, duk zuwan da zai yi daga nan yake farawa. Yakan ce, "Likita ya san jijiya, amma mai jiki ne ya san inda warkewa ta tsaya."

Ni sai da ya yi ta zarya kafin in faɗa. Lokacin ana wahalar fetur, wata rana a keke ya zo, gumi ya jiƙa masa riga. Ganin haka kunya ta kama ni. Muna gindin kanya mu biyu, na ce, "Malam, ranar da ƙaya ta soke ni na ji." Ya ce in miƙo ƙafa. A tafin hagu akwai rami ya fara ruwa, ban san yaushe na same shi ba. Ina tafiya, kowa na ganin na warke, amma ni kamar a kan auduga nake takawa.

Ga shi rani ya matso, Baffa ya riga ya yanke cewa ni zan bi shanu kudu. Tafiyar daji ce mai nisa, babu asibiti. Malam ya ce min a fili, ƙafar da ba ta jin ciwo in ta ruɓe a daji, yanke ta ake yi. Ni kuma in na ce ba zan je ba, sunana rago har in mutu.

Malam bai aika ni in faɗa ba, bai kuma yi wa Baffa wa'azi ba. Babarbare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Ya shigo ruga yana ɗaga murya, "Ina bawan nan nawa? A kawo wa ubangida nono!" Baffa ya ce, "Ji ɓarawon kindirmo. Yaushe bawa ya fara kiran ubangijinsa bawa?" Suka sha dariya. Da aka zo maganata Baffa ya ce, "Yaron da bakinsa ya ce da sauƙi." Malam ya ce, "Ku ai ko kai ake yanke muku, da sauƙi za ku ce. Shi ya sa muka mallake ku." Sai ya karyo ƙayar aduwa, ya ce in rufe ido, ya miƙa wa Baffa, ya ce, "Gwada da hannunka."

Ina zaune ido a rufe, ina jira a fara. Na ji shiru ya yi yawa, na ce, "Baffa, ka soka mana." Da na buɗe ido, jini ne ɗigo-ɗigo a tafin ƙafata, ƙayar tana hannun Baffa. Washegari Baffa ya ce ɗan'uwana Iro ne zai bi shanu, ni in zauna da maruƙa.

Ranin nan ya yi min tsawo. Samari sun tafi, ni ina tsakanin tsofaffi da mata. Malam yana zuwa ya wanke miki, ya koya min duba ƙafata da ido tunda ba ta magana, ya sa ni ɗaukar tsakuwa da yatsun ƙafa. In na ɓata rai sai ya ce, "Makiyayin maruƙa, ran sarki ya daɗe." Dole in yi dariya.

Ruwan farko ya sauka, ina bin wani maraƙi da ya tsinke, sai na ji wani abu ya ratsa ni daga diddige har ƙwaƙwalwa. Na ƙwala ihu irin wanda ban taɓa yi ba. Na zauna na zare ƙayar da ta soke ni, na ƙulle a bakin rigata, na kama hanyar asibiti ina ɗingishi. Ana layin karɓar magani na shiga, na kwance na miƙa masa. Ya ɗaga ƙayar sama yana nuna wa jama'a, yana cewa, "Bafulatani ya ce wayyo! Ku shaida!" Mutane suna dariya, ba su san kan zancen ba. Ni na ga idonsa ya kawo ruwa. Da rani ya zagayo, ni na kai shanun Baffa kudu na dawo da su.

Watan jiya na ji ba shi da lafiya, na kai masa nono. Na same shi a jingine, ciki da ƙafafu sun kumbura. Na ce, "Malam, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Buba." Na gyara zama, na ce, "To, mun gaisa. Yanzu faɗa min." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Bawa ya yi wayo." Sannan ya sassauta murya: "A zaune nake salla, da ishara. Ranar da goshina ya taɓa ƙasa, na warke."

Iyalinsa sun ce bai samu hakan ba. Amma ina alfahari ya faɗa min, ni ɗin da ya koya wa faɗa.

Ya Allah, kai ne masanin abin da bayinka ke ɓoyewa a bayan "da sauƙi". Ka rubuta wa Malam Modu ladan sujadar da ya yi marmari bai samu ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk takun da ƙafar nan tawa za ta yi zuwa alheri ya samu rabo a ciki. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka raya ƙananan, ka haɗa su da masu tambayarsu sau biyu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.