Bagaruwar Kaka da Wuƙar Likita

Kwanan baya wata mata ta kawo mini ɗanta a gidan likitar da nake aiki a Madawa, hannunsa ɗaure da tsumma. Ina kwance tsumman sai warin ya buge ni. Bagaruwa aka jiƙa aka wanke masa ciwon da ita. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba lalle ya gane warin ba, wani ɗaci-ɗaci ne kamar na majema. Na wanke wa yaron hannu, na rubuta masa magani, amma har na tashi daga aiki hankalina yana ɗakin kakata.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Tama, a gindin dutse. Gero a tudu, garake a kwari. Da an gama girbi sai maza su watse cin rani, wasu Abijan, wasu Legas, a bar tsofaffi da mata da mu yara muna ban ruwan albasa. In ka shigo gidanmu a lokacin, mai karatu, ba abin da zai tarbe ka sai ƙamshin ganyen albasa da ake kirɓawa a dunƙule a shanya, shi ne gabun da muke miya da shi har damina ta kewayo.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce mai maganin unguwarmu, ita ce kuma ungozoma. Kakanninta suna cikin mutanen da suka daɗe a kan al'adar gargajiya kafin su karɓi salla. Ita ba ta wasa da salla, amma sanin itace da ta gada bai bar ta ba. Ta san wace saiwa ake tonowa da rani, wane sassaƙe ba a ba mai ciki. Ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa jin ta ce wani ciwo ya fi ƙarfinta ba, sai a kan ƙafata.

Ina da shekara tara, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Wata rana da bazara na tsallake wata ƴar kwata a garka, na dira a kan kututturen karan dawa, ya shige ni sama da idon sawu. Kaka ta zare abin da ta gani, ta wanke da ruwan bagaruwa, ta ɗaure. Bakin ciwon ya rufe da wuri, kowa ya ce an warke. Bayan mako guda sai ƙafar ta fara kumbura, ta yi sheƙi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ko tsinken tabarma ya taɓa wurin sai na yi kuka.

Babana yana cin rani. Innata kuwa ni ce ƴar farinta, kunya ba ta barinta ta buɗe baki a kan maganata, sai dai in gan ta ta leƙo daga bakin ƙofa ta koma. Shawara ta rage tsakanin kaka da mijinta, kakana, wanda muke ce wa Tsoho. Wata maƙwabciya da ta dawo daga kasuwa ta kawo labari cewa an samu likita mace tana zuwa ƙaramin gidan likitar gunduma duk ranar kasuwa. Tsoho ya ce ba za a kai ni ba. Ba mugunta ba ce. Yana da aboki da aka kai birni da ƙafa biyu ya komo da ɗaya, kuma tun daga nan ya ɗauka aikin likita ke nan.

Kwana biyu kaka tana ta canza magani. A rana ta uku da hantsi ta tsaya a kansa yana gyaran igiya, ta ce, "Abin da ni sani ya ƙare. In ƙafar ɗiyag ga ta ruɓe cikin ɗakina, ni za a tambaya gobe kiyama, ba kai ba."

Ya ajiye igiyar, ya shiga ya ɗauko akumarinsa, ya ɗaura wa jaki da hannunsa, ya ɗora ni a kai, ya koma ya zauna.

Ban manta hanyar nan ba. Duwatsu ne baƙaƙe da rana ta gasa, kowane takun jakin ina jin sa har cikin ƙashi. Kaka tana gaba da igiya a hannu, ba ta tsaya ba sai sau ɗaya, ta jiƙa bakin zanenta ta goge mini fuska.

Na zaci zan ga wata babbar mace mai tsawa. Sai ga wata siririya, farar riga a kan zanen atamfa, idanunta duk gajiya. Ta gaida kaka da ladabi, ta jawo ƴar kujera ta zauna ƙasa da ita, ta ɗora ƙafata a cinyarta.

"Inna, me kika sa mata?"

Kaka ta lissafa mata duka, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Likitar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Waje kin tsabtace shi. Amma akwai abin da ya saura a ciki, kusa da ƙashi. Sai na tsaga."

"Tsagawa ko yankewa?"

"Tsagawa, Inna. Da ƙafarta za ta koma gida. Da kun ƙara mako guda, da ban yi miki wannan alkawari ba."

Aka yi mini allura, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya riƙe ni. Abin da ya fita daga ƙafar ba na ba da labari ba ne. A ƙarshe likitar ta zaro wani ɗan guntun kara, bai kai gaɓar yatsa ba, ta wanke shi ta sa wa kaka a tafin hannu. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Ke ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyar manomi ce ni, Inna. Gero muke nomawa kamar ku."

Kaka ta ƙulle karan a bakin zane. Da muka isa gida ta kwance ta ajiye shi a gaban Tsoho, ta wuce ɗakinta.

Da babana ya dawo farkon damina, aka fara maganar in bar lakwal in taya innata aiki, don ƙannena sun yi yawa. Kaka ta ce ita za ta yi dakan da surfen, wannan dai ba mai fidda ta daga karatu tana da rai. Ta kuwa yi, da tsufanta. Haka na yi kwaleji a Buza a gidan wata goggona, na yi lise, wato babbar sakandare, a Tawa, na samu shiga makarantar likita a Yamai. Ina shekara ta huɗu kaka ta rasu. Muna tsakiyar jarrabawa, sai aka ɓoye mini har na gama. Ba ta gan ni da farar riga ba.

Aikina na fari a ƙasar Keita aka tura ni. A nan na gane cewa takardar da na sha wahala a kanta ba ta shiga ɗakin duba marasa lafiya tare da ni. Dattijo zai shigo, ya gaishe ni, ya zauna, ya ce yana jiran likita. In na ce ni ce, sai ya juya yana yi wa majo bayanin ciwonsa, ni ina rubutawa. Wasu har yau sashfam suke ce mini, wato ungozomar asibiti, don a ganinsu iyakar mace ke nan. Mata kuwa da sun ga ni ce sai su faɗi abin da suka shekara suna ɓoyewa. Da na haifi ɗana na fari, aiki ya hana ni riƙe shi. Na yaye shi da wuri na kai wa innata. Ya fi wata shida in na je na miƙa masa hannu sai ya ɓuya a bayanta. Ban gaya wa kowa yadda abin yake ci na ba, don ban san wa zan gaya wa ba.

Akwai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta likita. Na daɗe ina ƙin zuwa taronta, ina ganin harkar mutanen Yamai ce, ado da jawabi. Wata ƙawata ta matsa mini, na je sau ɗaya. Ana cikin gabatar da manya aka nuna wata dattijuwa da ta yi ritaya, aka ce ta fara aikinta a yankinmu na Adar. Tun kafin a ambaci gundumar na gane ta. Da aka tashi na je na durƙusa a gabanta, na ɗage zane na nuna mata tabon, na ba ta labari.

Ta shafa tabon da yatsa, irin shafawar likita, ta ce, "Ɗiyata, ban tuna ƙafarki ba, kada in yi miki ƙarya. Abin da na tuna a shekarar nan kaɗaici ne. Sau biyu na rubuta takardar barin aiki na yaga. In abu ya shige mini duhu ba wadda zan tambaya, sai in yi tafiyar yini ban ga mace mai irin aikina ba." Ta ce abin da ke kawo ta taron ke nan duk shekara, ba jawabi ba.

Daga ranar na ba da sunana. Yanzu akwai ɗalibai mata biyu ƴan yankinmu da ƙungiyar ta haɗa ni da su. Suna kirana a waya, wani lokaci kan karatu, yawanci kan abin da ba ya cikin littafi. Kuma duk shekara nakan je kwalejin da na yi in zauna da ƴan mata. Tambayoyinsu ba na magani ba ne. Sukan ce kina da miji, wa ke riƙe miki yara, ba kya tsoron gawa. Ina gaya musu gaskiya, har da labarin ɗana, don kada wata ta shigo da ido rufe.

Abubuwa sun canza, ba duka ba. Ƙauyenmu ya samu ɗakin magani, amma in kwari ya kawo ruwa da damina har yanzu mota ba ta ƙetarewa. Har yanzu nakan samu mai tambayata ina likita, sai dai sun ragu. A bara, bayan na dawo daga wurin ƴan matan nan, wani manomi ya bi layi tun safe har azahar. Da ya shigo na tambaye shi inda ke masa ciwo, ya ce shi lafiyarsa lau. Ɗiyarsa ce ta dawo gida da maganar tana son karatun likita, shi ne ya zo ya ji daga bakina.

"Karatun ga naku, shekara nawa na?"

Na ce bayan lise, bakwai zuwa takwas, in Allah ya sa ba ta maimaita aji ba.

Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ƙirga damina. Sannan ya gyara hularsa, ya miƙe, ya ce, "To. Bari in tai in hwaɗa ma uwatta ta dangana da taimakon ɗiyag ga a aikin gida."