Jabir da Gashin Shahida

Jabir ɗan kabu-kabu ne mai haya da babur a Illela, kullum yana kan hanyar Konni da fasinja. Tun da matarsa ta rasu, shi kaɗai ke riƙon ɗiyarsa Shahida. Ya koyi dama kunu da wanki, amma bai san komai game da gashin mace ba.

Wata safiya ya tarar da yarinyar tana susar kai har da hawaye. Ya ɗaga ɗankwalinta, sai ga kwarkwata. Kunya ta kama shi, ya ɗauko almakashi zai aske mata kai.

"Baba, mi na yi?" ta ce, ta dafe gashinta.

Ya ajiye almakashin, ya kira maƙwabciyarsu, Inna Hasana mai kitso. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsefe kan, ta wanke shi da magani, ta nuna masa yadda ake taje ƙwayayen kwarkwatar da ƙaramin mataji. Ranar bai fita aiki ba. Ya wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, ya shanya katifa a rana, ya share ɗaki tas.

Yanzu kowace Juma'a yakan zaunar da Shahida a gabansa, ya taje mata kai a hankali, tana ba shi labarin makaranta.