Ɓawon Lemon da Bai Nutse Ba

Jiya mai kayan miya ya yi mini gyara da lemon tsami. Ina murza shi a tafin hannu sai ƙamshin ya mayar da ni unguwar Jakara, ɗakin kakata. Ku yi haƙuri da ni, tsufa ne, abu kaɗan sai ya tono wani.

A hannunta na tashi. Iyayena sun rabu ina ƙarama, uwata ta yi aure a wani gari mai nisa, babana kuwa kasuwa ta cinye shi. Gidan ya yi mana yawa, daga ni sai tsohuwa sai bishiyar lemo a bakin rijiya.

Bayan damina, idan lemon ya yi 'ya'ya, takan haɗa abin da take kira sharba. Da reza take fere ɓawon, kore zalla, ba ta bari ta taɓo farin da ke ƙasa, wai shi ne mai ɗaci. Ta zuba a kwalba mai faɗin baki, ta kwarara zuma, ta jefa citta da kanumfari, ta toshe, ta kafa gindinta cikin yashin randa. Ba a buɗewa sai ɓawon ya sha zuma ya nutse, sannan a riƙa ɗiban cokali guda ana damawa da ruwan sanyi. Wata maƙwabciya ta taɓa tsokanarta wai giya take dafawa. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji kakata.

Wata shekara na ishe ta da tambayar yaushe uwata za ta zo. Don ta samu lafiya, ta nuna kwalbar da haɓa. "Ranar da ɓawon nan ya nutse."

Ni kuwa na riƙe maganar gam. Kullum da safe sai na durƙusa gaban randa na leƙa. Sanyi ya shigo ya wuce, zafi ya kama, ɓawo yana nan sama, kore shar. Wallahi har addu'a nake masa.

Wani hantsi ciwon kai ya dawo da ni daga makaranta da wuri. Na tarar da ita zaune, kwalba a buɗe tsakanin ƙafafunta, tana fere lemon kasuwa tana ƙarawa a kai, don namu ya daɗe da ƙarewa. Tsohon ɓawon yana kwance a gindin kwalbar, ya yi baƙi. Muka haɗa ido. Rezar ta zarce har cikin farin.

"Zo ki riƙe mini," ta ce.

Na riƙe mata. Ban yi kuka ba, ban kuma sake tambaya ba. Amma ranar na san kaɗaici.

Uwata ta zo daga baya, ta'aziyyar tsohuwar ce ta kawo ta, lokacin ina goyon ɗana na fari. Na gaishe ta ina ce mata Hajiya, na kawo mata ruwa.

Yau an sayar da gidan, shaguna ne a wurin. Jikokina in sun yi kewar uwarsu sai su latsa waya, ga fuskarta. Ina yi musu murna. Ni dai ban taɓa riƙe tsohuwar a zuci ba, Allah ya jiƙanta. Ba ta da uwar da za ta ba ni, sai ta ba ni abin jira.