Gyambon Ƙafar Baba

Shekara shida na yi ina wanke ƙafar mahaifina. Kullum da safe, kafin in tafi shagon ɗinki, sai in dafa ruwa, in zuba gishiri, in bari ya huce, sannan in zauna a gabansa da auduga. Shi kuma ya miƙo ƙafar dama yana kallon wani wajen.

Manomi ne, gonarsa ta masara da gyaɗa tana ƙauyenmu, Vimtim. Ciwon suga ya kama shi tun ina sakandare. Wata rana wani tsinken kara ya huda takalminsa na roba ya shige tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da ya dawo gida ya ga jini. Daga wannan 'yar hudar gyambon ya fara. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, yayyena maza suna nesa, don haka na dawo da shi wurina cikin garin Mubi, kusa da asibiti.

Gyambon yakan yi kamar zai rufe, sai ya sake buɗewa. Nas ta ce suga ne. Mai kemis ya ce suga ne. Ni ma duk wanda ya tambaye ni a coci haka nake faɗa masa. A hankali na daina duba wurin da kyau, hannuna ne kawai ke aikinsa, hankalina na can wajen ɗinkin da ke jirana.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari. Muka bi jama'a a ƙafa ta duwatsun Kwaja, kwana uku babu bandeji, babu magani. Zanena na yaga na ɗaure masa. Ta Kamaru muka zaga kafin muka isa Yola, ƙafar na wari har mutane na matsawa daga gare mu a cikin mota.

A asibitin can wata likita ta kwance tsumman, ta daɗe tana dubawa.

"Tun yaushe bakin gyambon ya yi tudu haka, ya yi tauri?" ta tambaye ni.

Na ce mata ban lura ba.

"Yana jini idan kin taɓa?"

"Ya fi shekara yana yi," na ce.

Ta yanki ɗan nama aka kai gwaji. Bayan makonni ta kira mu ofishinta, ta sa na rufe ƙofa.

"Ba suga kaɗai ba ne," ta ce. "Gyambon da ya daɗe bai warke ba, wani lokaci yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Na Baba ya rikiɗe. Shi ya sa muke son mai suga ya kawo mana duk mikin da ya canza kama."

"Da mun zo da wuri fa?"

"Da wurin kawai za mu cire. Yanzu sai dai daga ƙasan gwiwa."

Na juya ga Baba. "Baba, ka gane abin da ta ce?"

"Na gane." Da Hausarsa ta Mubi, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Ƙafan nan ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Su cire."

A waje, a kan benci, na fashe da kuka. Na ce masa ni ce nake ganin wurin kullum, ni ya kamata in lura.

"Ke tela ce," ya ce. "Share fuska, mutane na kallo."

Aka yanke ƙafar. Da gari ya lafa muka koma Mubi. Na tarar an fasa shago, keken ɗinkin babu, na koma ɗinki a shagon wata ƙawata. Baba ya koyi tafiya da sanduna biyu, yana zama a ƙofar gida yana ɓare gyaɗar iri wa maƙwabta. Ya yi ƙiba kaɗan, har na fara sakin jiki. Cikin shekara ta biyu wani kumburi ya fito masa a matsematsi, aka ce ciwon dajin ne ya yaɗu. Muka sake komawa Yola sau uku, a na ukun ya ce ba zai ƙara hawa mota ba, ni kuma ban matsa masa ba.

Ya rasu da damina, muka binne shi a Vimtim. Bayan jana'iza na kwanta a ɗakin gwaggona na yi ta barci har kwana biyu. Mata na shigowa gaisuwa suna tarar da ni kwance, ina jin wasu na ƙananan maganganu a bakin ƙofa. Ban iya tashi ba.