Jinyar Jar Kazar Inna

Shekarar da aka ba ni aji a lakwal, wato makarantar firamaren unguwarmu, ita ce ta farko da rani ya same ni ni kaɗai namiji a gidanmu na Matameye. Yayyena biyu, da an gama kai gero rumbu, sai su ɗaure jaka. Babban ya nufi Kano, mai bi masa ya wuce Legas, ba a sake ganin ƙeyarsu sai hadari ya fara haɗuwa. A da akwai Baba, to Allah ya yi masa rasuwa da daminar da ta wuce. Aka bar ni da Inna, da matar babban yayana, wadda tun ranar da aka kawo ta gidan ta mai da ni abin tsokanarta. "Maigida ƙarami" take ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Ina da wani sirri da na ɓoye shekara ashirin da shida: ban taɓa yanka ko da tattabara ba. Da na ga jini sai kaina ya juya. A gidan da akwai uba da yayye biyu, ɓoye irin wannan ba shi da wuya. Ranar Layya ni ne mai ɗebo ruwa, ni ne mai nemo igiya, kafin in dawo an gama. A wajenmu kuwa mace ba ta yanka. In kaza ta kwanta, da gudu ake nemo namiji kafin rai ya fita, don in ta mutu da kanta ta zama mushe, sai dai a kai bola.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a inuwa ina duba takardun ɗalibai, matar yayana ta gama daka, ta kwantar da turmi za ta mirgina shi gefe. Ashe jar kazar Inna tana gindinsa tana tsintar tsaki. Sai muka ji ƙara. Da aka ɗaga turmin, ga kaza kwance, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe inda babu gaɓa, baki a buɗe. Tsohuwar kaza ce, rabin kajin gidan 'ya'yanta ne da jikokinta, Inna kuma ba ta haɗa ta da kowace.

"Auta!" in ji Inna. "Maza ga wuƙa, kada ta tafi a banza!"

Na durƙusa gaban kazar, na tattaɓa ƙafar ina kau da ido, na yi gyaran murya irin wanda nake yi wa 'yan aji.

"Inna, wannan ai karaya ce kawai. Fraktir ke nan. Tana ɗoruwa. An koya mana a makarantar horon malamai."

Ƙarya nake yi, ko a mafarki ba a koya mana ba.

"Yo ashe har da kaji ake karanta muku?" in ji matar yayana. "Shi ya sa kuka daɗe."

Inna ta dube ni, dubawa mai tsawo. Ta ce, "To. Amma in na ga ta fara lumshe ido, yanka za ka yi, ba na son wani Faransanci." Ta ɗora wuƙar a kan katanga, daidai inda duk wanda ya fito daga ɗakina zai gan ta.

Ban san ko an taɓa yi wa wata kaza addu'ar da na yi wa wannan ba. Na tsaga karan dawa, na yago bakin wani tsohon zane, na shafa mata man kaɗanya, na miƙe ƙafar ina salati, na ɗaure. Ita kuwa godiyarta ita ce ta sare ni a babban yatsa har sau biyu. Da na mai da ita akurki, sauran kajin suka yi caa a kan tsumman suna tsattsaga, zakara kuma bai san mara lafiya ba. Dole na samo kwali, na shimfiɗa mata ƙaiƙayi, na kai ta ɗakina, kusa da katifata.

Kwana biyu ba ta ci komai ba. Sai in buɗe bakin da yatsa, in ɗiga mata ruwa, in ɗura mata fura mai ruwa-ruwa da ɗan cokali, rabi a cikinta rabi a wandona. Duk lokacin da ta rufe ido sai in girgiza kwalin. Kuma a daidai wannan lokacin ne matar yayana take tuna cewa wuƙa ta dakushe. Sai ta sauko da ita, ta zauna a ƙofar ɗakina, ta yi ta wasa ta a kan dutse, ƙiii, ƙiii.

"Gyara maka nake yi, maigida ƙarami. Kada a zo ana gaggawa."

Rana ta uku na je wajen mai sayar da magani a bakin kasuwa, na ce ina son na karaya da kumburi. Ya ce yaro ne ko babba? Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce tsohuwa ce. Ya ƙirgo mini kafso ja da rawaya, ya ce safe da yamma, kuma a hana ta daka da ɗaukar ruwa har ta warke. Na ce in sha Allahu ba za ta yi ba. Da na dawo na fasa ɗaya, na ɗibi ɗan garin a kan tsinke na kaɗa mata a ruwa, ina roƙon Allah kada ni ne zan ƙarasa ta.

Labari bai kwana a gida ba, don matar yayana ta kai shi bakin famfo. Matan maƙwabta suka fara shigowa dubiya. Sai su yi sallama a ƙofar ɗakina, su gyara mayafi, su ce, "Malam, ya mai jiki? Ta samu barci kuwa?" Wata har da ƙullin dussa ta kawo, ta ce a yi haƙuri ba yawa. Su fita tsakar gida su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa in na ji haushi sai in ɗaga ido in ga wuƙa a kan katanga, haushin ya wuce.

A lakwal ma ban tsira ba. Da an kaɗa ƙararrawar hutu sai in hau moto, wato babur, in garzayo gida in leƙa kwali in koma. Wata rana daraktan makarantar ya tsai da ni, ya daɗe yana kallon wani farin tabo a gwiwar wandona, ya tambaye ni ko alli ne. Na ce alli ne. Ya matsa baya kaɗan, ya ce bai taɓa jin alli mai irin wannan wari ba.

Har babban yayana ya kira daga Kano. "Na ji ka buɗe asibiti," in ji shi. "Kai, ka yanka wa tsohuwa kazarta ta sha romo mana, mene ne haka?" Na nisanta salula da bakina, na yi ta cewa alo, alo, rezo ba kyau, ba na jin ka, na kashe.

Rana ta biyar da safe na murtsuke gyaɗa a tafin hannuna na miƙa mata, ba tare da na sa rai ba. Ta karkata kai, ta dube ni da ido ɗaya, ta sa baki ta ɗauka. Ta ƙara. Wani daɗi ya kama ni wanda ban ji irinsa ba ko ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Gaskiya ita ce da farko kaina nake ceto, ba kaza ba. Amma daga ranar nan abin ya canza. Ta gane ƙarar silifas ɗina, in na shigo sai ta miƙo wuya daga kwali tana ɗan kuka a hankali. Na fara zuba gyaɗa a aljihu saboda ita.

Bayan sati uku na kwance karan. Ta tashi, ta taka, ta yi tangaɗi, ta sake takawa. Ƙafar ta ɗoru, a ɗan karkace, amma ta ɗoru. Ta riƙa bina a tsakar gida tana ɗingishi, ni kuma ina tafe ina hura hanci. Na ce wa matar yayana in turmi ya faɗo mata ita ma, ta san inda likita yake. Wuƙa ta bar kan katanga ta koma madafa, na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Ba a yi kwana goma ba sai ga yayar Inna daga Kurni, wadda rabonta da gidan tun zaman makokin Baba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaishe-gaishe. Can Inna ta kira ni gefe, ta miƙo mini wuƙa.

"Kama jar kazar nan ka yanka wa Yaya."

"Inna, wadda na yi jinya?"

"Ita. Ƙwai ta daina, gudu ba ta iyawa, in ba mu ci ba muzuru zai ci. Kuma ka yi ƙoƙari, ta yi ƙiba a hannunka."

Ashe duk wahalar nan kiwo nake yi wa tukunya. Ba karaya, ba ciwo, ba wani Faransancin da zai cece ni. Matar yayana har ta ɗora ruwan figa a wuta.

Ko kamu ban yi ba. Na nufi bayan rumbu, ita da kanta ta biyo ni tana ɗingishi. Na tona ɗan rami kamar yadda na ga yayyena suna yi, na fuskanci gabas, na kwantar da ita. Sai na ga ashe ƙafar da zan taka ita ce wadda na ɗora da hannuna. Na sassauta, ita kuwa ta samu dama ta cusa kai cikin aljihuna tana neman gyaɗa. Na yi bisimilla, hannuna ya ƙi motsi. Na sake yi. Daga tsakar gida ina jin matar yayana tana kira, "Maigida ƙarami, ruwa fa zai ƙone! Ko sa ne ka kayar?"

Ban ji tahowar Inna ba, inuwarta kawai na gani a kaina. Ina tsugune, wuƙa a hannu, kaza tana cin gyaɗa a cinyata. Kunya ta rufe ni, amma na gaji da ɓoyo.

"Inna, ban iya yanka ba. Ban taɓa yi ba. Tsoro nake ji."

"Yo yau na sani? Ni na goye ka. Kana yaro ko ƙaya aka cire maka sai an yi maka fifita."

"To me ya sa kike ta ba ni wuƙa?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Mahauta sun ƙare ne a garin?"

Ta dafa rumbu ta zauna a kan wani dutse, a hankali, sai a lokacin na lura da yadda zama ya fara yi mata wuya. Ta dubi kazar.

"Tun da babanku ya tafi nake tunani," in ji ta. "Waɗancan biyun wata bakwai ba sa nan. In ciwo ya kayar da ni da rani, kai kaɗai ne a gida. Na ce wannan da ba ya iya kallon ciwo, anya zai tsaya kuwa? Abin yana hana ni sukuni, ban dai faɗa wa kowa ba. Sai na ga ka sati uku kana buɗe bakin kaza kana ɗura mata fura, kana kwashe kashinta, gari yana maka dariya, ba ka fasa ba." Ta miƙo hannu ta karɓi wuƙar. "Yanzu in na kwanta, na san wanda zai ɗaga ni."

Ta tashi ta karkaɗe zane, ta nufi tsakar gida tana ɗaga murya, "Ke, zuba gari a ruwan nan ki yi talge, kuka za a kaɗa wa Yaya!"

Ni kuwa na daɗe a bayan rumbu ban fito ba, don ba na son matar yayana ta ga idona.